Fulotin Baba a Kulugu

Tun da na dawo daga Injamena ba ni da sakat a majalisarmu ta Ajilari. Wannan ya tambaye ni ko da gaske da naman raƙumi suke karyawa, wancan ya ce in faɗa masa yadda na ƙare da Faransanci, ni da na shekara goma sha ɗaya a Maiduguri amma Kanurina bai wuce gaisuwa ba. Ina ta ba su labarin gutsure-gutsure ina kauce wa ainihinsa, domin ba irin wanda zai ƙara mini daraja ba ne. Yanzu na gaji da kwana-kwana. Ga shi nan gaba ɗaya, mai dariya ya yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habibu, mutumin Kano, safiyo ne ni a wani ƙaramin kamfanin awon ƙasa. A ranin da ya wuce muka auna wani fili a bakin gari, na yanka shi fuloti-fuloti, na fitar da tituna da wurin masallaci da na makaranta. Mutanen ƙauyen da ke kusa suna kiran wurin Kulugu. Na ɗauka sunan wanda ya fara noma shi ne, kamar yadda a wajenmu ake cewa gonar wane, sai na rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman taswira. Abin da ya rage kawai in sa hannu ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyar, a fara raba wa mutane takardu.

A cikin masu jiran takardar akwai surukina, Ba Modu, mahaifin matata Falmata. Tun da ambaliya ta rushe gidansa na cikin gari yake zaune a ɗakin zaurena. Duk wanda ya san dattijan Barno ya san abin da wannan yake nufi. Yana fita da sassafe don kada mu haɗu a ƙofa, yana cin abinci shi kaɗai, kuma bai taɓa cewa gida ba, kullum gidanka. Ni na nema masa fuloti na sha huɗu, kuma da idona na zaɓa, domin nan ne kaɗai ciyawa ke da sauran kore a tsakiyar rani. Ya dasa bishiyar maina a kusurwar fulotin, kowace safiya ya sayi jarka ɗaya wajen mai moya, wato mai sayar da ruwa, ya hau keke napep ya je ya ba ta ruwa. In zai fita sai ya ce wa Falmata ya tafi gidansa.

Tafiyar ba tawa ba ce tun farko. Oganmu aka gayyata taron masu tsara birane da masu aikin ruwa na ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi, aka ce kowa ya zo da taswirar sabon aikinsa. Da ya ji ta mota za a je, ta Dikwa, sai hawan jininsa ya tashi. Aka ce Habibu ya je. Falmata ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai a kai ba, sai dambun nama da ta cika mini roba. Da zan fita Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "Safiyo, Allah ya kai lafiya. In ka dawo sai harsashi."

A tasha na haɗu da abokiyar tafiyata, Injiniya Yagana, ma'aikaciyar ruwa, mutuniyar Limanti. Tsakanin ofishinta da namu bai wuce tafiyar minti goma a keke ba, amma sai ranar muka fara ganin juna. Da na faɗi sunan kamfaninmu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe mu ne muke haifa musu unguwanni ba mu gaya musu ba, sai dai su wayi gari su ga mutane a ƙofa suna neman famfo. Na yi dariyar yaƙe. Ita ba ta yi ba.

Yanzu ga wautar farko. Taswirata na nannaɗe ta a cikin bututun roba mai ruwan toka, tsawonsa ya kai ƙirjina, na rufe bakinsa biyu, na ɗaura masa igiya ina ratayawa a kafaɗa. A Maiduguri ba wanda ya taɓa dubansa sau biyu. A shingen sojoji na farko kuwa, da na fito daga mota da shi a kafaɗa, sai na ga sojan ya ja da baya ya gyara riƙon bindiga. Direba ya ce in ajiye shi ƙasa a hankali, kada in yi gaggawa, kada kuma in yi jinkiri. Har yau ban san yadda ake haɗa waɗannan biyu ba. Na buɗe, na shimfiɗa taswirar a kan mota, sojan ya duba ya ce mu wuce. Yagana ma ta duba. Ta daɗe a kan sunan da ke sama, sa'an nan ta tambaye ni a wane wata muka yi awon. Na ce a tsakiyar rani. Ta ce to, ta koma mota.

Daga nan har Dikwa sau biyar na buɗe bututun. Fasinjoji suka fara tsokanata, wata tsohuwa mai kai goro Gamboru ta ce in na ƙara fita da shi a kafaɗa ita za ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Hanyar ba ta da hira. Kowa idonsa na kan daji, in direba ya rage gudu sai ka ji mota ta yi tsit. Ni kuwa tsoro biyu nake ji, na daji da na shirun Yagana, kuma na biyun ya fi damuna, don ban san dalilinsa ba.

A Gamboru muka ci burabisko da miyar kuɓewa a wata rumfa, zafi kamar an kifa mana tukunya. Muka tsallaka gada zuwa Fotokol, wato mun shiga Kamaru ke nan. Jandarman da ke tebur ya karɓi fasfo, ya nemi katin rigakafi. Na laluba aljihu, na zazzage jaka, babu. Sai da gumi ya jiƙa mini riga na tuna cewa don kada ya ɓace na sa shi a cikin bututun, a tsakiyar taswira. Na sake warware ta a kan teburinsa. Ya ɗauki katin, idonsa ya faɗa kan sunan, ya karanta a fili, ya ƙirga layukan fulotai da yatsa, sai ya fashe da dariya. Ya faɗa wa Yagana wata magana da Kanuri, ya buga mana hatimi yana share hawaye.

Da muka fito na tsare ta sai ta fassara mini. Ta ce tambaya ya yi ko kowane gida za a haɗa wa mai shi da kwalekwale.

"Malam Habibu, kulugu ba sunan mutum ba ne," in ji ta. "Tafki ne. Wurin da ruwan damina ke taruwa ya kwanta. Ka rubuta tafki a saman takarda, ka yanka shi gida-gida."

Na ce ai na ga wurin yana da ɗan kwari, kuma mun riga mun shirya za a cike shi da ƙasa. Ta ce to ruwan da ke kwanciya a wurin ina nake so ya je, ko sama zai koma. A raina na ce mutanen ruwa haka suke, kowane rami a wajensu kogi ne.

Daga Fotokol zuwa Kusuri ba ta bar ni na huta ba. Duk inda muka wuce wani fage mai baƙar ƙasa da ta tsattsage, da sawun shanu a kewaye da 'yar ciyawa kore a tsakiya, sai ta taɓa gilashi ta ce ga kulugu. Can gaba ta ce ga wani. A na huɗu na daina dubawa, domin kowanne kamar an ɗauko hoton fuloti na sha huɗu ne. Dambun naman Falmata na miƙa wa na kusa da ni, na kasa ci.

Mun isa Kusuri an rufe gadar shiga Chadi, dole muka nemi masauki. Mai masaukin ya duba fasfona ya ce, "Mushe Habibu, bismilla." Na tsaya. Na yini a hanya, na sha tsoro, an yi mini dariya a kan iyaka, yanzu kuma wani yana kirana mushe. Yagana ta ce in kwantar da hankalina, a wajen masu Faransanci haka ake ce wa malam, girmamawa ce. Har na bar ƙasar ban saba ba, duk wanda ya faɗa sai na ji kamar ya san halin da nake ciki. Ɗakin ba laifi, akwai fanka da bokiti biyu cike da ruwa, famfon banɗakin kuwa ado ne, kamar dai namu. Da safe aka kawo burodi dogo mai tauri kamar sanda, da shayi ja mai zaƙi a ƙaramin kofin gilashi. Na jiƙa burodin a ciki, mai masauki ya kau da kai.

Gadar Injamena da safe sai wanda ya gani. Babura, masu ɗauke da buhuna, mata da kwanduna, kowa na ture kowa. Bututuna ya sake shan bincike, sai dai wannan karon na riga na ciro katin.

Masu tambayar abinci, ga amsarku. E, suna cin naman raƙumi, gasasshe, da barkono da lemon tsami, kuma da ba a gaya mini ba da na ce naman sa ne. Tuwonsu na gero ne, suna ce masa esh, miyar ba ta da nisa da tamu. Zoɓo kuma karkanji. Na shiga wata rumfa na ce a ba ni moya, ina taƙama na iya Larabci, mai rumfar ya tsaya yana kallona. Ashe su almi suke cewa. Da rana tsaka gari yakan mutu, ma'aikata su tashi da wuri, ba kamar mu ba da za mu zauna a ofis har la'asar ko ba abin da muke yi. Amma masu tura ruwa a kura suna nan kamar a unguwar Lamisula ta Maiduguri, har jarkokin iri ɗaya ne. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, na ga ba mu kaɗai ba ne.

Taron kwana uku ne. Ranar farko jawabai, an sa mana wani abu a kunne mai fassara, nawa yana ta shuu kamar rediyon da ya rasa tasha. A rana ta biyu aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, aka haɗa mu da wani dattijo, Malam Abakar, mai tsara filaye a wani yanki na birnin. Hausarsa ta kasuwa ce, mai ƙamshin Larabci, amma ana ganewa. Ba ya son jawabi. Ya ce kowane gari mai ƙasa da mai ruwa su fito da taswirarsu. Yagana ta ciro tata daga jaka, a ninke kamar takardar ƙosai. Ya kai su aka daidaita girmansu a na'ura, ya dawo ya manna tata a gilashin taga, ya ɗora tawa a kai, rana ta haska su daga baya.

Ban taɓa ganin abu mai sauƙi ya tayar mini da hankali haka ba. Wani shuɗin tabo na taswirarta ya fito a tsakiyar fulotaina. Layin bututun famfonta ya tsaya can nesa, kuma ta ce ba shi cikin shirin da za su miƙa shi wannan gefen, domin ba wanda ya gaya musu gari zai yi nan. A kewayen tabon akwai ɗige-ɗige, ta ce burtsatsen unguwannin da ke kusa ne, har da wanda masu moyan layinmu ke ɗiba. Ruwan da ke kwanciya a kulugu shi ke sauka ƙasa a hankali ya riƙe su har rani. In aka cike shi aka shafe da siminti, da damina ruwa ya shiga ɗakunan mutane, da rani kuma burtsatse ya yi ta tarin iska. Na matsa kusa ina neman lamba sha huɗu. Tana tsakiyar shuɗin, inda ya fi duhu. Koren ciyawar da na zaɓa wa Baba don in kyautata masa, ƙasan tafkin ne.

Malam Abakar ya ga fuskata. Ya ce shi ma ya taɓa cike ɗaya yana saurayi, kuma har yau kowace damina masu gidajen suna ambaton sunansa, ba da alheri ba. Tun daga nan ya sa aka ƙara gurbi a takardunsa, ba ya sa hannu sai mai ruwa ya sa nasa a gefe. Ban ce duk ƙasar haka suke yi ba, shi ma ya ce wasu abokan aikinsa suna ganin ɓata lokaci ne. Ya ƙara da cewa ba ya rubuta sunan wuri sai ya sami tsoho ko makiyayi ya tambaye shi ma'anarsa. Na ji kunya har cikin ƙashina. Tsohon da zan tambaya yana kwana a zaurena.

Da la'asar Falmata ta kira. Ta ce hadari ya haɗu jiya amma bai zubar ba, kuma Baba ya yi magana da masu haƙa harsashi, ya gaya wa abokansa na masallaci cewa kafin damina ta yi nisa zai tashi. Ta tambaya ko lafiya, ta ji muryata ta canza. Na ce zafi ne. A rana ta uku ban ji komai daga abin da aka faɗa ba. Ina ta lissafin hanyoyin tsira: a ɗaga harsashin ya yi tsawo, a haƙa kwata, a sa hannu yanzu a gyara daga baya. Kowacce na kai wa Yagana, wadda na riga na ba labarin Baba, sai ta saurara har ƙarshe, ta ce a'a. A ta ƙarshe ta ce, "Hannunka ne, ba nawa ba. Amma ruwa ya taɓa fitar da surukinka daga gida sau ɗaya."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen suna nan, dajin yana nan, na buɗe bututu na rufe ba tare da an ce in buɗe ba. Tsoron hanya ya bar ni, domin abin da nake tsoro yana gida yana jirana. Daga Dikwa muka fara ganin ƙasa a jiƙe, an yi ruwan farko.

Ranar Litinin ban sa hannu ba. Oga ya yi faɗa, hawan jininsa ya tashi da gaske wannan karon. Na kira Yagana ta zo, a keke, minti goma, muka manna taswirun biyu a tagar ofishinsa. Ya daɗe yana kallo. Aka tsaya a kan za a sake zane, a bar tsakiyar yadda take, a matsar da gidaje tudu kusa da inda famfo zai iya kaiwa. Fulotai da yawa sun tafi, har da na sha huɗu, kuma ba wanda ya iya gaya mini yaushe sabon zanen zai fito, ko Baba zai samu a ciki.

Washegari da safe na ce masa zan raka shi. Ya yi mamaki, don ban taɓa ba. Muka zauna a keke, jarka a tsakaninmu. Da muka sauka muka taka zuwa wurin, takalmina ya fara nutsewa tun kafin mu isa. Mainar ta yi sabon ganye, kwaɗi na tsalle a gindinta. Na tsuguna kamar mai gaisuwa, na gaya masa komai, ban ɗaga kai ba. Na ce ni na yi kuskure, ban san ma'anar sunan ba.



"Na sani, Safiyo," in ji shi. "Ina yaro a irin wannan muke shayar da shanu. Ranar da ka faɗi sunan na dubi Falmata, ta sunkuyar da kai. Na ce yaron nan ya yi karatu, wataƙila yanzu akwai yadda ake yi. Kuma mutum yana cin tuwon gidanka, ba zai gyara maka aikinka ba."

Ya dubi bishiyar, ya taɓa ƙasar da ƙafarsa, ya ce wannan ba ta ƙara bukatarsa. Jarkar tana nan a cike, bai ko buɗe ta ba. Ya gyara hularsa ya juya wajen titi.

"Ɗauko ruwan, kada a yi asararsa," ya ce. "Mu koma gidanka."